Igiyar Inna a Bakin Bahar Maliya

Da kakar 1953, zamanin Sarki Usman Nagogo, Baba ya sayar da gonarsa ta bayan ganuwa ya ce gabas za mu. Kowa a Katsina ya san Sarki Dikko ya sauke farali a 1921 ta jirgin ruwa, har ya biya ta Ingila, amma wannan hanyar manya ce. Mu ƙasa za mu bi. Dangi suka rako mu har Ƙofar Ƙaura, ana ta neman gafarar juna, gwaggona tana kuka. Ni kuwa murna nake yi, don an ɗinka mini sabuwar taguwa. Sai da na girma na gane dalilin da Baba ya bi gida-gida yana biyan bashi, da kuma ko mene ne farin ƙyallen da ya naɗe a ƙasan kayanmu, wanda ba a yarda in taɓa ba.

Mota ta kai mu Maiduguri, ta kuma cinye mafi yawan guzurin. Daga Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, sai ƙafa da jaki guda: Abeshe, Junaina, Fashir. A ɗaure kaya da asuba, a yi ta tafiya har rana ta take, a fake gindin aduwa, da la'asar a ƙara. In faso ya tsaga dugadugin Baba, shi da kansa yake ɗinke shi da allura da zare, ya shafa kitse, gobe ya taka. In kuɗi ya ƙare sai a yada zango. Baba ya yi ga-ruwa, Inna ta soya ƙosai, ni in yi talla.

A Jazira muka fi daɗewa, muna tsinkar auduga. Takari ake ce mana. A Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, na ga tsofaffin da suka baro Kano da Sakkwato tun suna samari, kowanne yana cewa baɗi zai ƙarasa in Allah ya yarda, jikokinsu kuma suna Hausa da harshen Larabawa. Wannan ya tsorata Baba ƙwarai. Muna can Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, bai ko ɗaga kai ba, kuɗinsa yake ƙirgawa.

A Sawakin na fara ganin teku. Iskar wurin tana da ƙarni, gishiri yana manne wa mutum a leɓe, ga manyan gidaje na farin dutse suna ta zubewa ba mai gyara. Kuɗin takardu da na babban jirgi ya fi ƙarfinmu, sai Baba ya shirya da wani mai kwale-kwalen da ake kira sambuk. Cikin dare aka loda mu, mu da wasu iyalai. Na tuna amai, da warin kifi, da salatin mata duk lokacin da ruwa ya fantsamo. Wata asuba mai jirgin ya sauke mu inda ruwa ke kai wa Baba ƙugu, ya nuna arewa da hannu, ya ce ga Jidda nan kusa.

Ba Jidda ba ce. Can kudu da garin Lis ya zubar da mu.

Muka kama gaɓa, teku a hagu, duwatsu can nesa a dama. Ban taɓa sanin zafi irin wannan ba, zafi mai laima, gumi ba ya bushewa. Ƙasar fara ce fat, kana takawa ta ɓurme, gishiri ya shiga faso. Ruwan rijiyoyin zartsi ne, kana sha ƙishi na ƙaruwa. Sai muka koma tafiyar dare. Wasu masunta suka same mu kwance ƙarƙashin zanen da Inna ta kafa da sanduna, ba sa jin Hausa, Larabcinmu kuma na Jazira ne, suka ajiye mana busasshen kifi da dabino suka wuce.

A nan Inna ta fara ɗaure ni. Igiyar salka ta kwance, ta ɗaura a wuyan hannuna, ɗaya bakin a nata. Na ji haushi, ni da na fara zama saurayi, a ja ni kamar akuya. Ban san abin da manya ke raɗa ba: ana sace 'ya'yan Takari a wannan hanyar a sayar. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai, yaro," shi ke nan. Wani dare da muka tsaya hutawa na sulale igiyar, na zaga bayan tudun rairayi, barci ya sace ni a can. Muryarta ce ta tashe ni. Sunana take kira, gatsal, da ƙarfi, tana maimaitawa, muryar tana karyewa, a gaban Baba da baƙin maza. Na taso a guje. Ba ta mare ni ba. Ta kama hannuna tana rawar jiki, ta ƙulla igiyar ƙulli biyu, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Baba ya ce, "Kul ka ƙara. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Bayan Lis muka juya wa teku baya. A Yalamlam muka yi wanka da ɗan ruwan da ya rage, Baba ya ɗaura mini harami, Inna ta kwance igiyar don in saka, sannan ta mayar. Da ita a hannuna na shiga Makka.