Ciwon da ke zuwa ya tafi

Akwai ciwon da ya fi wahalar da mai shi don ba a ganin shi. Shekara huɗu ke nan yayata na fama da irin shi. Likitoci na ce mishi sikileroz an pilak.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da rufi, miyelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar kuran. A wannan cuta garkuwar jiki ce da kanta ke cin rufin, sai saƙo ya riƙa katsewa a hanya. Idonta ɗaya ya yi hazo, bayan makonni ya washe. Ƙafa ta mutu, ta farfaɗo. In zafin Afirilu ya kama kuwa, ko buta ba ta iya ɗagawa. Da yake yana zuwa yana tafiya, wasu suka ce iska ce, wasu sammu. Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne "ƙiwa ce kawai".

Sai da aka yi mata hoton IRM a Yamai aka ga tabban a ƙwaƙwalwa. Tun 1868 likita Sharko ya bayyana cutar a Faransa, amma sunanta bai iso unguwarmu ba.

Maganin warkewa babu tukuna. Kortizon ta jijiya, kwana 3 zuwa 5, na gajarta tashin ciwon. Interferon beta da rituksimab na rage dawowarshi, sai dai tsada. Ya fi kama mata, kuma tsakanin shekara 20 da 40. Wato mu.

To, in ƙawarki ta ce hannunta ya mutu, gobe kika gan ta tana daka, kar ki ce ƙarya ta yi. Raka ta asibiti.