Wasan Wuta A Daren Salla

'Yan'uwa, a shekarar 1990 ƙaramar Salla ta faɗo cikin bazara. Zafi ya kore mu daga ɗaki, muna kwance bisa tabarmi a tsakar gida, sai muka ji tashin bindiga daga fada, wato an ga wata. Muka zuba waje da kayan wasan wutan da muka saya da kuɗin tashe. Tartsatsi ɗaya ya faɗa kan zanar wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ta ƙone ƙurmus.

Mahaifinmu bai doke mu ba. Da muka gama yawon Salla ya karɓe goron Sallarmu, ya sayo zana, ya sa muka ɗaura mata da hannunmu. Ran nan muka san haƙƙin maƙwabci. Allah Ya jiƙansa, amin.