Alkakin Sallah a Suleja

Idan azumi ya kai ashirin, wata dattijuwa da ke zaune kusa da fadar Sarkin Zazzau na Suleja takan sa a ɓarzo mata alkama. Sai ta kwaɓa da tsami da ɗan mai, ta rufe ya kwana, kana ta murza, ta naɗe, ta soya, ta tsoma cikin zuma. Haka kakarta ta koya mata tun garin yana amsa sunan Abuja, wato kafin a zaɓi mazaunin sabon babban birni a 1976 har a ba shi sunan. Ma'auninta kuwa tafin hannu ne kurum.

Can a ƙasar Sulobeniya ta Turai ma, da Kirsimeti da Ista, mata kan gasa wani naɗaɗɗen burodi mai zaƙi cikin kaskon yumɓu, suna ce masa potica. Amma su sun rubuta yadda ake yin nasu, har Tarayyar Turai ta yi masa rajista a 2021.

Ita kuwa dattijuwar nan, jikokinta mata duk Abuja suke aiki, cincin ɗin leda suke saye. Bana da aka zo murza alkaki, 'yar maƙwabta ce ta riƙe mata faranti.