Dahab da Rigar Nutson Mata

Garin Dahab yana gabashin Sinai ta ƙasar Masar, jajayen duwatsu a bayansa, Bahar Maliya a gabansa, tsaunukan Saudiyya kuma suna hango shi daga ƙetare. A nan ba lallai sai da jirgi ba. Mai nutso yakan tako daga gaɓa da tukunyar iska a bayansa har ruwa ya shanye shi, kuma wannan tattaki ne ke tona asirin rigar da ba ta zauna a jiki ba.

Rigar nutso ita ce linzamin mutum a ƙarƙashin ruwa: a hura mata iska ya taso, a sace ya nitse. Gishirin wannan teku ya fi na yawancin tekuna, yana ɗaga jiki, sai an ƙara dalma. Rigunan haya kuwa galibi a jikin namiji aka auna su. Mace ta sa, tana shiga ruwa rigar ta haura har kunne, tukunya na bugun ƙeya, ɗamarar dalma na cin ƙugu.

Wadda aka ɗinka domin mata gajeren baya gare ta da aljihun dalma. Launin hoda dai ba shaida ba ne. A gwada ta bisa kayan nutso, a cika ta da iska, a ja numfashi. In ta matse haƙarƙari, a ajiye ta. A ramin Blue Hole, mai zurfin kimanin mita 100, dole hannu ya sami bututun sace iska ba tare da lalube ba.