TAFIYATA MADOBI, DA WA'AZIN DA NA SAMU A BARGAR WANI DATTIJO

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa Madobi, ko Allah ya sa masu dawaki su sami abin ƙaruwa a ciki.

Cikin goman ƙarshe na azumin 2023 na tashi daga Kano da sassafe, don in gai da wani dattijo aminin mahaifina. Muka bi ta Panshekara, muka ƙetare kogin Challawa, kafin rana ta yi zafi mun isa. Madobi tana kudu maso yamma da birni, tana maƙwabtaka da ƙasar Kura. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin zaman banza a wannan yanki. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa sun kawo kuɗi, kuɗi kuwa sun kawo babura. Doki ya zama sai na hawan Salla.

Na tarad da dattijon nan a bakin bargarsa, ransa a ɓace. Yana da wani kili mai kyau, ya yi ƙiba har yana sheƙi, sabo da harawa da dusa ba su yanke masa. Da shi zai bi Hakimi ranar Salla. To, ranar nan ne ya sa aka fito da kayan hawa daga ɗakin da aka jibge su tun Babbar Sallar da ta wuce. Sirdi da linzami da likkafa lafiya lau. Amma jalalar da ya gada wurin mahaifinsa, ɓera ya yi mata huda uku, ya kwashe audugar ciki ya yi sheƙa, asu kuma ya ci gefenta.

Ɗansa, wanda ke noman shinkafa, ya ce, "Baba, a jefar da ita mana, gobe in shiga kasuwar Kurmi in sayo sabuwa." Dattijo ya dube shi ya ce, "Kuɗin sabuwa kana da su, amma bayan dokin nan ka san shi? Wannan ta riga ta kwanta da shi." Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Zauna, ɗana, ka ga yadda ake yi, tun da ƙanenka ba shi da haƙuri."

Ga yadda ya yi. Da fari ya sa aka kakkaɓe ta, aka wanke da sabulun salo har gishirin gumi ya fita, aka shanya ta bushe sarai, don ya ce wanda ya ɗinke jalala da danshi ya ɗinke ruɓa a ciki. Kashegari ya datse bakin ko wace huda da almakashi, har ya kai inda saƙa ke da ƙarfi. Ya yanko maho daga wani tsohon gwado, ko wane maho ya ɗara hudarsa da faɗin yatsa biyu ta ko wane gefe. Na ce, "Baba, ga sabon yadi, me zai sa a yi da tsoho?" Ya ce sabo yakan tsuke in an wanke, sai ya ja tsohuwar saƙa ya yaga ta. Na ce to ga baƙin Kura, da zai fi kyau. Ya yi dariya ya ce shunin 'yan Kura na rawani ne, in ya gamu da gumi sai kili ya wayi gari shuɗi.

Uwargidansa ta kawo zare mai kauri wanda ta kaɗa da mazarinta, ya murza shi da kakin zuma don kada gumi ya cinye shi. Ya cusa audugar rimi inda ɓera ya rarake, yana yaɗa ta da yatsa kada ta dunƙule, ya bi da basilla yana tokara ɗinki layi-layi don ta zauna wuri ɗaya. Abin da ya fi ja mini kunne a kai shi ne ƙulli. Ya ce ko wane ƙulli a bar shi ta sama, ɓangaren da ke kwanciya jikin doki kuwa ya zama sumul kamar tafin hannu. Gefen da ake datsewa da fata kaɗai ya aika wa baduku.

Da muka sha ruwa da magariba, sai ya faɗa mini dalilin wannan tsanani. Ya ce yana saurayi ya taɓa ɗaura sirdi a kan yagaggiyar jalala don gaggawa. Kafin a sauko daga hawa bayan dokin ya sale, ƙuda ya bi, ya zama miki, aka yi wata biyu ba a hau shi ba, kuma farin tabon bai ɓace ba har dokin ya mutu. Ya ce, "Doki ba shi da bakin da zai ce maka ana cinsa. Kai kana sama ana yi maka kirari, shi yana ƙasa yana shan azaba, Allah kuwa zai tambaye ka."

Da zan komo na biyo ta Kura. Ko'ina kore shar cikin tsakiyar rani, ruwa na gudu, samari na aiki ba ji ba gani. Na yi murna ƙwarai, amma na ce a raina, cikin waɗannan duka mutum nawa ne ya iya riƙe basilla? Cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Salla na Kano cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Madalla. Amma fa hawa ba a filin hawa yake farawa ba, a barga yake farawa.

Sabo da haka ina kira ga masu dawaki, ba a fafe gora ranar tafiya. In kun sauko daga hawa ku shanya jalala da ɗauki-saƙa, ku rataye su sama nesa da ƙasa, ku sa ganyen darbejiya a tsakaninsu, ku riƙa dubawa ko wane wata. Huda tana ƙarama a toshe ta. Dattawa kuma ku zaunar da yara kusa da ku in kuna ɗinki, ko da sun yi ƙunƙuni. An aiko mini cewa kili ya yi hawa ya sauko bayansa ko ƙwarzane babu, kuma ɗan nan ne da kansa ya rataye jalalar.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi, Kano.