Daga Weji zuwa Sitiyari: Yadda Ake Yin Direba a Da

Duk wanda ya san Kwanar Dangora a shekarun 1970 da 1980 ya san makaranta ce, ko da yake babu allo babu aji. A nan hanyar Kano zuwa Zariya ke rabuwa da wadda ta nufi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta ratsa ƙasar Doguwa har Saminaka da Jos. Manyan motoci sukan jeru a gefen titi, direbobi na kan benci suna cin abinci, yaransu kuwa ba su ga ta zama ba. Wannan yana ƙara wa lagireto ruwa, wancan yana bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraron wadda iskarta ta ragu, wani yana saman bodi yana gyara ɗaurin tamfol. Daga cikin waɗannan karnukan mota aka fitar da galibin direbobin da suka yi suna a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa.

Lokacin ma ya zo da buƙatar direbobi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya buɗe a Kadawa da kewaye, tumatir da albasa da shinkafa suna neman mai kai su kasuwannin nesa. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Mota ta yawaita, amma makullinta bai yi arha ba.

Yaro ba ya wayar gari ya tsinci kansa a bayan mota. Uba ko kawu ne zai kama hannunsa ya kai shi wurin direban da aka yarda da halinsa, ya ce ga amana. Daga ranar direba ya zama maigida. Aikin farko wanke mota da kwana a gindinta ana gadi. Sai weji: idan mota mai lodi ta tsaya a kan tudu, yaro ne zai diro da guntun katakon nan a guje ya tokare tayar baya kafin ta sulale. Aiki ne da ake rainawa, alhali rayukan duk waɗanda ke cikin motar suna rataye a kansa. Daga nan ya koyi ɗaga jak, cire taya, yin faci, da jera buhuna yadda nauyi ba zai rinjayi gefe ɗaya ba. Shekaru sukan wuce bai taɓa sitiyari ba.

Ranar da maigida ya ce masa, "Tashi ka tayar da ita ta yi zafi," ranar murna ce. Bayan wannan sai matsar da mota a cikin tasha, sai ribas, sai a ba shi ita babu kaya a miƙaƙƙiyar hanya da rana tsaka, maigida na gefe ya yi kamar yana gyangyaɗi alhali kunnensa na kan kowace giya da aka sauya. Lodi yana zuwa daga baya. Abu na ƙarshe shi ne tuƙin dare, da tuƙin damina, da ratsa Falgore, inda babu gari kusa balle bakanike, ga shanu na tsallaka titi, ga fargabar 'yan fashi, sannan a fuskanci hawa da gangaren hanyar Jos. Wanda ya sauko da mota cike da kaya daga can bai ƙona birki ba, to hannunsa ya faɗa.

Sai dai abin da maigida ke aunawa ya wuce hannu, kuma nan ne nake ganin hikimar tsarin take. Yana kallon yadda yaro ke yi da barci. Yana ba shi kuɗin mai ya ga ko canji zai dawo daidai. Yana lura da shi ranar da wani direba ya zage shi a hanya, ko zai haɗiye ko zai taka totur don ramuwa. Yana so ya ga ko zai ji sauyin kukan inji tun kafin abin ya zama gyara. Duk wannan ba a gane shi a jarrabawar yini ɗaya. Don haka idan alhaji mai motoci ya sayi sabuwa, tsohon direbansa yake kira ya tambaye shi, "Cikin yaranka wa ya isa?" Lasin na hukuma ne, ana zuwa a yi gwaji a karɓo, amma kalmar maigida ce ke miƙa makulli. Kuma ba ya faɗinta da wasa, domin idan yaron ya kifar da mota, sunan wanda ya koya masa za a fara ambata a tasha.

Masu kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin za su ga cewa attajiran kamfanonin Turai ma wannan turbar suke bi. A kakar 2025 kujeru 20 ne kacal a gasar, duniya kaf. Kamfanin McLaren ya ɗauki Lewis Hamilton na Ingila a 1998 yana ɗan shekara 13, lokacin yana tseren 'yan ƙananan motocin yara, ya riƙa ɗaukar nauyinsa daga wannan mataki zuwa wancan, bai ba shi babbar kujera ba sai 2007. Shekara tara ana kallonsa. Red Bull ya kafa nasa shirin renon matasa a 2001, Ferrari a 2009. Da Max Verstappen ya shiga gasar a 2015 yana ɗan shekara 17, hukumar FIA mai kula da gasar ta ga an yi gaggawa, ta kafa doka daga 2016 cewa sai mai shekara 18, kuma sai ya tara maki 40 a ƙananan gasanni cikin shekaru uku. Su suna da na'urori masu auna kowace taka birki, maigidanmu kunne da ido kawai gare shi, amma tunanin ɗaya ne: wanda zai yi asara idan aka yi kuskure shi ke reno, shi ke zaɓe, kuma ba a tsallake mataki.

Ba zan ce tsohon tsarin ba shi da zalunci ba. Akwai duka, akwai zagi, akwai yunwa, babu albashi sai abin da maigida ya ga dama. Yawancin yaran ba su ga aji ba. Wani maigidan yakan danne yaron da ya ƙware don kada ya rasa mai yi masa hidima, har mutum ya yi furfura yana rataye a bayan mota. Ba banza ba waƙar da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota ta ratsa zukatan mutane. Sun san wahalar da ake magana a kai. Wannan ɓangaren babu mai fatan ya dawo.

Abin da ya rushe tsarin kuwa ba tausayin yaran ba ne, saurin samun kuɗi ne. Da acaɓa ta yaɗu, matashi ya ga zai iya koyon babur cikin mako guda ya fara kawo kuɗi gida, to me zai sa ya yi shekaru yana ɗaukar weji? Ƙananan motocin haya suka yawaita, aka koma tsarin balas, inda tambayar mai mota ita ce nawa za a kawo masa da yamma. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, dubban matasa suka koma a-daidaita-sahu, wasu suka zarce bas da ƙananan motoci ba tare da sun zauna gefen kowa ba. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, akwai kuma makarantun koyon tuƙi, kuma suna da amfaninsu, amma 'yan makonni a fili ba sa nuna yadda mutum zai yi idan barci ya kama shi da asuba tsakanin Tudun Wada da Doguwa da fasinjoji cike da mota. A manyan tireloli da tankoki ne kawai ragowar tsohon renon ta tsira, saboda can kuɗin motar ya fi ƙarfin a yi caca da shi.

Kirana ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kwanar Dangora, Tiga, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa shi ne su buɗe littafi: kowane yaron mota a rubuta sunansa da na maigidansa da ranar da ya fara, a yanka masa haƙƙinsa na mako, a bar shi ya je makarantar dare, a kuma sa wa'adin da dole a gwada shi a yaye shi. Masu motoci kuma, kafin ku miƙa makulli, ku tambayi wanda ya koya wa yaron, ku neme shi ya tsaya masa. Direban da babu dattijon da zai tsaya masa, kada a ba shi lodin mutane.