Mai Takarda a Bakin Zaure

Ku matso kusa, maganar nan ba ta waje ba ce. Yaya, ke kika tambaye ni abin da ya sa 'yar ƙanena ta koma yawo da wani ƙaton littafi, ko wajen biki ba ta rabuwa da shi. To, ilimin zamantakewa take karantawa a Jami'ar Duwala, kuma lokacin rubuta kundinta ya zo. Littafin na wata Bafaransa ce, Madeleine Grawitz, sunansa Méthodes des sciences sociales, shafi wajen dubu, tun 1964 ya fara fitowa ana ta sake buga shi. A wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi ta samo shi, can wajen shataletalen Deido inda mutumin ƙarfen nan yake tsaye da ƙafa ɗaya. Akwai kuma ƙarami na Quivy da Van Campenhoudt, na 1988, wanda ɗalibai suka fi so don ba ya wahalar da kai. Shi kam hotonsa ta yi a shagon kwafi, kamar yadda kowa yake yi.

Me ke ciki? Yadda ake tambayar mutane, Hajiya. Kada ki yi dariya. Wa za a tambaya, mutum nawa, da wace kalma, kuma yaya za a tara amsoshin su zama lissafi.

Ni dai kun san na taɓa yi wa wasu masu bincike rakiya da tafinta a cikin unguwar nan, ba sai na faɗi ko su wane ne ba. Shi ya sa da yarinyar take karanta mini tana fassarawa, wani wurin nakan gyaɗa kai, wani wurin kuma in ce mata wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa a zauren Bahaushe ba.

Bari in fara da inda suke da gaskiya, don suna da ita. Batun zaɓen waɗanda za a tambaya, wallahi ilimi ne. Mai sayen buhun masara ba ya yarda da ta saman buhu, sai ya soka hannu har ƙasa, ya ɗebo ta tsakiya da ta gefe. A Amurka a 1936 wata mujalla, Literary Digest, ta tara amsar mutum fiye da miliyan biyu, ta ce Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Sai ga shi Roosevelt ya kwashe jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takarda yawancinsu daga jerin masu tarho da masu mota ta samo su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya. Yau kuwa masu binciken Afrobarometer, da suka fara aiki a Kamaru a 2013, mutum wajen 1,200 suke tambaya a ƙasa guda, rabi maza rabi mata, amma ƙuri'a ce take zaɓen unguwa da gida da mutumin da ke cikin gidan. Wani Leslie Kish ma tun 1949 ya tsara jadawali na musamman don kada mai tambaya ya riƙa ɗaukar duk wanda ya fara buɗe masa ƙofa. Wannan ban da ja.

Inda nake ja shi ne daga ƙofar zuwa ciki.

Ku dubi abin da suke kira iyali ɗaya: mutanen da suke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, sun yarda da shugabancin mutum ɗaya. To, ku ɗauki gidan da kuka sani. Maigida yana da mata biyu, ɗaya a nan New Bell, ɗaya ya kama mata haya a Bonaberi, yana raba kwana. A zaure akwai baƙi daga Garwa ko Marwa da suka kawo albasa, wani mako biyu zai yi, wani ya shekara bai ce ga ranar tafiya ba. Ga ɗan riƙo, ga almajiri mai cin abincin gidan yana kwana a makaranta, ga tsohuwa mai ɗakinta da murhunta amma da dare ana kai mata kwano. Mai takarda yana da layi ɗaya ga kowane mutum, sai ya yanke hukunci a tsaye, gumi na zuba, ga gida goma na jiran sa. Abin da ya yanke a gurguje shi ne zai je Yawunde ya shiga kwamfuta ya fito a matsayin ƙididdiga.

Sai kuma tambayar haihuwa. Binciken lafiya da ake yi a ƙasar nan, an yi a 1991, 1998, 2004, 2011 da 2018, ana zama da mace mai shekara 15 zuwa 49 a ce ta lissafo duk 'ya'yan da ta haifa da sunayensu, a fara da na farko. Inna, ke da bakinki ki faɗi sunan ɗan farinki, gaban baƙuwa, surukarki na zaune a gefe? Na ga wadda ta sunkuyar da kai ta fara daga na biyu. Da ban san gidan ba, da yaron nan, wanda a lokacin har ya fara gemu, babu shi a takarda. Waɗanda suka rasu kuwa, wa yake son tono? Sai a ce “na Allah ne” a wuce. Alhali daga wannan shafin ake fitar da adadin mutuwar yara, da shi kuma ake shawarar inda za a kai rigakafi.

Ta sana'a ta fi ba ni dariya. “Kina aiki?” “A'a, ina gida.” Ita ce kuwa mai ƙosan da rabin layi ke karyawa da shi, tana da adashi biyu, tana saro atamfa a Kasuwar Kwango yara na kai mata gida gida. Ba ƙarya ta yi ba, a wurinta aiki shi ne na mai fita da safe ya dawo da albashi. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta kan wannan tun 1969: cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gida yana da yawan gaske, amma mai tsayawa a kasuwa yana ƙirga ba zai gan shi ba. Ta gane ne don ta zauna ta daɗe, ba don takardarta ta fi ta wasu tsawo ba.

Ke kuma Aminiya da kike cewa mutanenmu ne ba sa son faɗin gaskiya, ki yi musu adalci. Unguwar nan da takarda aka kafa ta. Jamusawa ne suka kori mutane daga bakin ruwa, suka ture su nan baya, suka rataye Rudolf Duala Manga Bell a watan Agusta na 1914 saboda ya ƙi yarda. Zamanin Faransa, ƙirga kawuna da haraji tare suke tafiya. A 1956, shekara guda bayan tarzomar Mayun 1955, masu bincike irin su Diziain da Cambon da René Gouellain suka shigo New Bell suna ƙirga mazauna da gidaje. Aikinsu har yau ana amfani da shi, amma ku sa kanku a matsayin kakanninmu: jiya soja, yau mai alƙalami. Wa zai saki baki? Wannan tsoron gado ne. Ga shi kuma ba a dawo mana da labari. Ƙidayar 2005 sai a 2010 aka fitar da sakamakonta, kuma ban da masu rediyon Faransanci, wa ya zo masallaci ko gidan suna ya ce ga abin da aka samu a unguwarku?

Wata Lynn Schler ta fitar da littafi a 2008, The Strangers of New Bell, a kan baƙin unguwar nan daga 1914 zuwa 1960. Da tsofaffi ta zauna, ta haɗa da takardun adana tarihi. Na ce wa yarinyar ta nemo shi, ta kuma nemo na Olivier de Sardan na cibiyar LASDEL ta Yamai, tunda shi a cikin mutane irinmu ya yi rayuwar bincikensa.

Abin da ke ci mini rai, in gaya muku tsakani da Allah, 'ya'yanmu kullum a ƙarshen layi ake ɗaukar su. An riga an rubuta tambayoyi da Faransanci a ofis, an buga, an zuba a na'ura, sannan a nemo Bahaushiya ta riƙa juyawa a bakin ƙofa, kowace da irin tata juyawar. Ita ta san tambaya ta goma sha biyu ba za ta yi aiki ba, amma ba wanda ya nemi ra'ayinta. Shi ya sa ban hana yarinyar nan littafinta ba, ni na ma cika mata kuɗinsa. Wanda bai iya lissafin samfuri ba, ba a ba shi kujera a inda ake tsara takardar, kome sanin unguwarsa.

Kuma su kansu littattafan sun ce kafin a fita da takardar tambayoyi, a gwada ta a kan mutane kaɗan irin waɗanda za a tambaya, a ga inda take tuntuɓe. Yawanci wannan matakin ake tsallakewa idan kuɗi ya yi ƙasa. Ita ba za ta tsallake ba, don na riga na ba da sunayenku. Ran Juma'a bayan la'asar za ta zo nan da takardarta a kan adashin mata. Duk tambayar da ta yi muku nauyi ku ce ta yi nauyi, wadda ba ku gane ba kada ku amsa don kara. Hajiya, ke musamman, in ta tambayi nawa kike zubi, ko ki faɗi na gaskiya ko ki ce ba za ki faɗa ba, ban da raba shi biyu yadda kike yi wa Alhaji.